Jug Ɗina da Ruwan Alhaji Nasidi

Wasunku sun cika min waya da saƙonni wai ni mai girman kai ce. Wata ma cewa ta yi budurwa mai shekara ashirin da shida idan ta samu mai kamfani, godiya ya kamata ta yi ba yanga ba. Na gode da nasiha, 'yar uwa. Ki karanta na yau har ƙarshe, idan kina so sai ki turo lambarki in haɗa ki da shi.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Zakiyya. Gidanmu yana Ƙofar Jatau cikin birnin Zariya, irin gidan ƙasar nan mai zaure biyu da aka yi wa shafen siminti ta waje. Babana Malam Yahaya tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya. Ni kuma ina aiki a wani ƙaramin ɗakin gwajin jini a Tudun Wada. Wanda ake ta rigimar a kansa shi ne Alhaji Nasidi, mai kamfanin ruwan leda a bayan gari, mai farar mota da farar shadda da agogon da ya kai faɗin murfin kofi. Turarensa kan riga shi shiga zaure, kuma ko ya tafi sai ya kwana biyu bai bar tabarmar ba.

Wasu samarin da turmin atamfa suke neman aure, Alhaji kuwa da ruwa ya zo. Famfon gidanmu ya daɗe da zama wurin rataye tsumma, don haka ranar da motar kamfaninsa ta fara sauke jakunkunan ruwan leda a ƙofar gida, Umma har da ƙwalla. Daga nan ya zama duk Litinin da Alhamis. Zauren ciki ya cika har ba wurin ajiye takalmi, Umma ta shiga rabo, gidan Sa'adatu mai jego jaka biyu, gidan liman jaka uku, har matan lungu suka fara kiranta Hajiyar Ruwa. Tana cewa su daina, amma bakinta ba ya rufuwa don daɗi.

Sai Gwaggo Hajara, ƙanwar Baba uwa ɗaya uba ɗaya. Alhaji ya ɗauki ɗanta Rilwanu aiki a kamfanin, tun daga ranar ta zama kakakinsa. Kullum tana gidanmu da mayafinta mai duwatsu da wani filas shuɗi a hammata, wai jiƙon maganin hawan jini ne, shi kaɗai likita ya yarda ta sha.

"Yaya Malam, a sa rana mana," haka take ce wa Baba. "Mutum yana shayar da gida guda, ai ko ba a faɗa ba ka san zai riƙe mace."

Baba sai dai ya ce, "Yarinyar ba ta ce tana so ba tukuna."

Ban ce ba kuwa. Ban dai samu dalilin da zan faɗa a fili ba, ban da cewa idan yana magana ji nake kamar ana karanta min tallar rediyo.

Cikin wata takwas Baba ya kwanta sau biyu. Zazzaɓi, ciwon ciki, amai, mutumin da ko mura ba ta cika kama shi ba. Da hannuna na ɗebi jininsa, sau biyun duka taifod. A na biyun sai da ya kwana huɗu a asibiti, ya fito wuyan rigarsa yana yi masa yawa. Ranar da muka dawo na tsiyaye leda ɗaya a kofin gilashi na ajiye a taga. Da safe na ɗaga shi a hasken rana, sai ga wani abu siriri kamar zaren koriyar atamfa yana yawo, ƙasan kofin kuma da ɗan laka-laka. Na shinshina, warin tsohuwar randa.

Ranar da aka yi albashi na wuce Sabon Gari na sayo jug ɗin. Na roba ne mai haske, hawa biyu. Ana zuba ruwa a sama, ya bi ta wata farar matata mai gawayi a ciki, ya riƙa ɗiga ƙasa a hankali. Yana cire datti da wari, amma ni da nake aikin gwaji na san ba a dogara da shi wajen ƙwayar cuta, don haka sai na fara tafasawa. Kullum da safe kafin in fita sai in farke ledojin Alhaji a tukunya, in tafasa, in bari ya huce, in tace, in cika wa Baba filas biyu.

Umma ta tsaya a kaina tana kallo, hannu a ƙugu.

"Yanzu ruwan da aka riga aka wanke a inji shi kike sake wankewa? Zakiyya, wannan bokon naki bai yi yawa ba?"

"Umma, ki duba saman matatar nan. Sati biyu kacal."

Ta leƙa. Farar ragar ta koma kalar shayi. Ta ce ai tsatsar tukunya ce, ta wuce.

Gwaggo kuwa da ta gani salati ta saka kamar ta tarar da gawa.

"Ta kwaso mana kwalbar gwajin fitsari ta kawo cikin gida. Idan Alhaji ya ji fa? Mutum ya ba ki kyauta ki ce sai kin wanke?"

Ba ta bari ya ji a bakin wani ba, da kanta ta kai. Washegari ina wurin aiki saƙonsa ya shigo: "Ranki ya daɗe, an ce kin buɗe kamfanin wanke ruwana. Allah ya sa albarka. Zan zo bayan la'asar in ga injin." Ya haɗa da fuskar dariya guda uku. Na amsa da "Allah ya kawo ka."

Na sa doguwar riga ruwan toka da hijabi, ko hoda ban shafa ba. Kamar kullum Umma ta haɗa min faranti, cincin da dabino da ledar ruwansa biyu masu sanyi. Na tarar da shi ya harɗe a tabarma yana kaɗa makullin mota.

"Ina injin?"

"Yana aiki, Alhaji."

Ya yi dariya, ya ɗauki leda ɗaya yana jujjuya ta a hannu yana matsawa kamar mai gwada tumatir.

"Zakiyya, injinana daga Caina aka kawo su. Mutum nawa ke shan ruwan nan a Zariya? Ke kaɗai ce mai ido? Wannan robar da kika saya yaudarar 'yan kasuwa ce, an gano mata na son abin yayi. Ni dai ina gaya miki tun yanzu, a gidana ba za a ajiye irin wannan ba. Abin kunya ne a ce matar mai ruwa tana tace ruwa."

"Baba ya kwanta sau biyu."

"Tsufa ne. Kuma ku mutanen cikin gari ga kwata a ƙofar gida, ga ƙuda. Kin duba nan?"

Na dube shi daga hula har takalmi. A raina na ce, yau kuma kwatarmu ce ta yi laifi, wadda kake tsallakewa da farar shadda sau biyu a sati. A fili na ce, "Ga ruwa nan, ka sha mana, ana zafi."

"Na sha a mota," ya ce, ya ajiye ledar.

Bayan ya tafi gidan ya kama da wuta. Gwaggo ta ce na ci mutuncin baƙo. Umma ta ɗauke jug ɗin ta kulle a kabad ɗinta, ta ce sai na koyi ladabi. Aka yanke cewa tunda mahaifiyarsa Hajiya Batulu ta dawo daga Umra, ranar Asabar Gwaggo za ta raka ni gidansu da ke Tukur-Tukur in yi mata sannu da zuwa, ko hakan zai wanke laifina. Baba yana kwance a ɗaki, ba wanda ya tambaye shi. Na ci gaba da tafasa masa ruwa a ɓoye a ɗakina da hita, ina tacewa da farin ƙyalle.

Ranar Asabar Umma ta ciro min leshi ruwan zuma da na sa a bikin ƙawata, da mayafi mai ruwan gwal, ta ɗaura min ɗankwali da kanta har yana matse min kunne. Gwaggo ta sha atamfa sabuwa kar, ta rataya jaka, ta rungumi filas ɗinta. Muka hau keke a bakin lungu. Duk hanya tana koya min gaisuwa kamar 'yar shekara bakwai: ki durƙusa har ƙasa, kada ki haɗa ido, kada ki kawo maganar asibiti.

Gidan bene ne mai baƙin get. Falon kujeru ruwan madara, labule har ƙasa, talabijin ta cinye bango guda. Hajiya Batulu na zaune a kan darduma ta miƙe ƙafa, tsohuwa fara siririya, kunnenta ya ɗan yi nauyi, don haka magana take da ƙarfi kuma ba ta tauna ta. Gaskiya ta shiga raina nan take. Ta kama hannuna ta ce, "Ke ce mai aikin asibitin? Zauna kusa da ni, 'yata."

Ta kira autarta Ihsan ta kawo mana dabino da zamzam a ɗan kofi. Bayan mun sha ta ce a kawo ruwan sanyi. Ihsan ta dawo da faranti, kofuna uku na gilashi, a tsakiyarsu kuma jug.

Jug ɗina ne sak. Kamfani ɗaya, murfi ɗaya, sai dai nasu ya fi girma.

Na daure na ce, "Hajiya, ku ma kuna amfani da wannan?"

"Me ta ce?"

Ihsan ta matsa kusa da kunnenta. "Wai muna amfani da jug ɗin tacewa."

"Guda uku gare mu, ɗaya a ɗakin Nasidi. Shi ya sayo da kansa. Sai an tafasa ruwan burtsatse, a tace, sannan a sha. Ai ya hana mu shan na kamfani tun bara."

Ihsan ta ce, "Hajiya," a hankali, tana kallon ƙasa.

"To ƙarya na yi? Cewa ya yi tankunan sun yi gansakuka, wani abu a injin kuma ya mutu, sai an kawo daga waje. Na leda dai da shi ake wanke tsakar gida da mota. Ku sha, 'yata, wannan mai kyau ne."

Na ɗauki kofin na sha. Ruwa mai daɗi, ba wari, ba komai. Na shanye tas, don dama na ji ana cewa Alhaji zai shayar da ni, to ga shi ya fara.

Na saci kallon Gwaggo, ina jiran in ga ta zabura, ko ta yi salatin nan nata. Ko gezau. Tana ta yabon labulen tana tambayar inda aka ɗinka.

Da muka fito Ihsan ta rako mu get, idonta ya cika da ƙwalla. Ta ce, "Anti Zakiyya, wallahi na yi zaton kun sani. Na zaci ku ma wanki kuke yi da shi." Na dafa kafaɗarta na ce ba komai.

A cikin keke na kasa haƙuri.

"Gwaggo, kin ji abin da Hajiya ta ce?"

"Na ji."

"Shi ke nan?"

Ta gyara mayafi, ta rage murya saboda mai keken. "Ke yau kika sani. Rilwanu ya gaya min tun watan da ya fara aiki. Gyara za a yi, an ce kayan suna hanya."

Na dubi filas ɗin da ke cinyarta. Ban tambaya ba na miƙa hannu na buɗe, na shinshina. Babu saiwa, babu ɗaci, babu kala. Tafasasshen ruwa ne zalla.

"Wannan ne jiƙon hawan jinin?"

Ta fizge abinta. "Kada ki yi min rashin kunya."

"Yayanki ne fa ya kwana huɗu a asibiti, Gwaggo. Kina zuwa dubiya da wannan a hammata."

"Ciwo na Allah ne. Ki saurare ni da kyau, Zakiyya. Kada ki kai wa Yaya Malam wannan maganar, jikinsa ba zai ɗauka ba. Idan kika tayar da rigima Rilwanu ne zai rasa aiki, yana da mata da 'ya'ya biyu. Ke kuma me ya dame ki? Idan kin shiga gidan ai tataccen za ki sha."

Ku da kuke ce min mai girman kai, ku maimaita wannan jimlar a bakinku ku ji ɗanɗanonta. A haka keken ya sauke mu a Ƙofar Jatau.

Ko mayafi ban cire ba na wuce ɗakin Baba. Yana zaune a kan buzu ya jingina da bango, filas ɗin da na bar masa ya ƙare, Umma ta miƙa masa leda, ya riga ya huda ta da haƙori. Na karɓe ta daga hannunsa, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga jug ɗin Hajiya Batulu har filas ɗin Gwaggo.

Ya saurara har na gama, sannan ya ɗaga kai ya dubi ƙanwarsa da ke tsaye a bakin ƙofa.

"Hajara, haka ne?"

"Yaya Malam, tsohuwar nan ruɗewa take yi, kowa ya sani. Yarinyar nan dama neman hanyar ƙin auren take."

"Ba wannan na tambaye ki ba. Miƙo min abin hannunki in sha."

Ta ƙanƙame filas ɗin. Ya miƙa hannu yana jira. Ta juya ta fita tsakar gida, muka ji ƙarar takalminta har zaure.

Umma ce ta fara magana, muryarta ta canza.

"Jaririn Sa'adatu," ta ce. "Da ruwan ledar nan take dama masa madara. Satin jiya aka sallamo su daga asibiti. Ni na ce mata ya fi na rijiya tsabta."

Ta tashi ta buɗe kabad, ta ciro jug ɗin ta ajiye a gabana ba tare da ta kalle ni ba. Ta yafa mayafi ta fita, na ji tana buga ƙofar gidan Sa'adatu, daga nan ta wuce gidan liman. Gida-gida ta bi Hajiyar Ruwa tana cewa kada a sha.

Baba ya ce, "Ranar Litinin idan motar ta zo a ce su wuce. Maganar aure kuma ke nake jira, kamar yadda na faɗa tun farko."

"Ba na so, Baba."

"To an gama."

Kafin magariba saƙonnin Alhaji suka fara shigowa. Na farko: "Hajiya ta tsufa, ba ta san abin da take faɗa ba." Na biyu, bayan minti biyar: "Matsala ce ƙarama kuma ana kan gyara." Na uku: "Gobe zan aiko muku da babban jug irin na gidanmu da katan na ruwan roba, na Baba shi kaɗai. Magana ta tsaya a tsakaninmu." Wato jug ɗin da yake yaudarar 'yan kasuwa shekaranjiya, yau ya zama toshiyar baki.

Na rubuta masa: "Na Baba shi kaɗai. Sauran mutanen Zariya fa?"

Ya karanta, ya yi ta rubutu yana gogewa, sannan ya turo: "Ki yi hankali, Zakiyya. Mutum arba'in ke ci a ƙarƙashina." Babu fuskar dariya ko ɗaya.

Na kira ogana Malam Aƙilu na ba shi labari. Ya ce in kawo leda uku da ba a huda ba, daga jaka daban-daban, zai shuka ruwan a farantin gwaji mu ga ƙwayar cutar da za ta tsiro, idan ya fito yadda muke zato kuma ya san ofishin da ake kai irin wannan takardar. Ya tambaye ni ko na shirya, don idan takarda ta fita ba ta dawowa. Na ce na shirya, duk da cewa na tuna matar Rilwanu, wadda ba ta taɓa yi min komai ba sai alheri.

Ranar Litinin da safe na tafasa wa Baba ruwan burtsatsen masallaci, na tace, na cika filas. Na zaɓi leda uku na naɗe a tawul na sa a ƙasan jakata, na ɗora farar rigar aiki a kai. Umma ta raka ni har zaure, abin da ba ta saba ba, ta ce Allah ya tsare.

Ina fitowa bakin lungu na ga farar motar a tsaye, ta tare rabin hanya har masu keke suna zagayewa. Gilashin ya sauka a hankali. Alhaji ne da kansa a sitiyari, babu hula, idonsa ja. A kujerar gaba kuma, da mayafi mai duwatsu, Gwaggo Hajara ce.

"Shigo mu sauke ki, 'yar nan," ta ce, tana murmushi, idonta a kan jakata. "Kawo kayan in riƙe miki."

"Na gode, Gwaggo, ba su da nauyi."

Na ɗaga wa wani mai keke hannu, na shiga, na rungume jakar a ƙirjina na ce masa Tudun Wada, kuma kada ya tsaya ɗaukar kowa. Mun wuce ƙofar gari kenan mai keken ya dubi madubinsa, ya sake duba.

"Hajiya," ya ce, "farar motar nan tare kuke?"

"A'a," na ce. "Ƙara wuta."